Zinarin Inna a Cikin Daddawa

A gidanmu na Balan ba a sa ranar zuwa Kano sai an aika wa Goggo. Yayar Baba ce. A Toranke ta yi aure, can ƙasar Ajingi, kuma ko da mijinta ya rasu ba ta dawo gida ba, ta ce gonarsa da itatuwan ɗorawarsa ba za su zauna babu mai duba su ba. Sana'arta daddawa. Ita ke tara kalwa, ta dafa, ta wanke, ta rufe har ta nuna, sannan ta daka ta dunƙula. Duk wanda ya shiga ɗakinta sai rigarsa ta ba da labari idan ya fito. Lokaci-lokaci takan kai wa masu saye a Kano, shi ya sa a duk danginmu ita ce ta san birni.

Doguwa ce siririya, goro ya rina mata haƙora, tana tafiya kamar ana jiranta a gaba. Ba ta cika dariya ba, amma idan ta yi magana sai mutane su yi ta dariya ita tana kallonsu. A wurin Goggo mutanen Kano kashi biyu ne: 'yan sane, da waɗanda ba su sami dama ba tukuna. Tana da dalilinta. Tun tana sabuwar aure mijinta ya ba ta agogonsa ta kai gyara, ta ƙulle shi a haɓar zane. Da ta isa wurin mai gyaran ta kai hannu, sai ta ji babu haɓar ma gaba ɗaya, an yanke ta da reza. Ta dawo gida da gutsurarren zane, mijin kuwa bai ce mata komai ba har ya bar duniya. Takan ce da ya yi faɗa da tuni ta manta.

Inna, mahaifiyata, tana da 'yan kunne na zinari da kakata ta kawo mata daga Makka. Ƙanana ne, kamar ɗigon ruwa, ba ta sa su sai da Sallah ko ranar suna. Wata rana ƙanena yana goye ya miƙo hannu ya fizgi ɗaya, maƙalin ya karye. Daga nan suka koma cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, suka yi shekaru a can. Shekarar da na gama sakandare a Gaya, yayata ta sami cikin fari, haihuwa ta matso, sai Inna ta ce ita fa da zinarin uwarta za ta zauna ranar sunan jikanta. Gyara kuwa sai Kano. Inna ba ta shiga mota, ko Gaya ta je sai ta yini a kwance saboda jiri. Aka ce ni zan raka Goggo. Rabona da Kano tun ina goye, don haka a wurina zuwan fari ne.

Ana gobe tafiya Goggo ta iso da la'asar a bayan babur, ta rungume buhunta a cinya. Farkon damina ne, gero ya fara tasowa, tsakar gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta ce in kawo fatarin da zan sa gobe. Ta zaro allura daga ɗankwalinta, ta ɗinka masa aljihu ta ciki, daidai cinya, inda zane da hijabi za su rufe. Nan za a sa ƙaramar wayar Baba mai tocila, wadda ya ba mu aro don ya riƙa jin inda muke.

Sannan ta ce Inna ta kawo zinarin. Inna ta kwance ƙullin a hankali ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ki sa su a lalitarki mana, Yaya," in ji Inna. Lalitar ita ce siririyar jakar fata da Goggo ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zane.

"Lalita kowa ya san da ita," in ji Goggo. "Ɗan sanen ma uwarsa na da lalita."

Ta yagi leda ta naɗe 'yan kunnen, ta ɗauko daddawa mai sauran laushi daga buhu, ta fasa ta, ta cusa ƙullin a tsakiya, ta sake dunƙulawa ta baje a tafin hannu har ta koma kamar sauran. Ta danna babban yatsanta a tsakiya don shaida, ta jefa ta cikin tsarabar da za mu kai gidan Baffa, ƙanensu Baba da ke aiki a Kano. Akwai kuka a ciki, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa mai yawa.

Inna ta bi buhun da kallo. Goggo ta ce, "Tun da nake ban taɓa jin wanda ya yanki buhu don daddawa ba. Warinta ma kaɗai ya isa mai gadi."

Ba ta tsaya nan ba. Ta fito da wata tsohuwar 'yar jaka ta kuɗi, ta cika ta da tsummoki da marafan kwalba har ta kumbura, ta sa ta a gefen jakar hannunta inda za ta ɗan turo. Na tambaye ta wannan fa. Ta ce ta baƙi ce. Wanda ya taso tun safe da rezarsa, gara ya sami abin da zai gudu da shi, don in bai samu ba lalube zai ci gaba da yi.

Muna gyaran kayan miya tana yi mini huɗuba. In mutum ya bangaje ni kada in dubi fuskarsa, in dubi inda hannunsa yake. Wanda ya tambaye ni hanya in ce ni ma baƙuwa ce, in wuce. Abin da ta fi nanatawa shi ne hannu. Ta ce ɓarawo ba ya ganin cikin riga, mai kaya ne ke nuna masa, domin duk wanda ya ɓoye abu hannunsa ba ya haƙuri, sai ya je ya taɓa ya ji ko yana nan.

"Ki manta da wayar nan kamar babu ita, 'yar nan. In hannunki ya yi ƙaiƙayi ki riƙe bakin hijabinki."

Bayan sallar asuba babur ya kai mu Gaya. Ina son tashar Gaya ta wancan lokacin, da masu shayi da masu ƙosai, da direbobi suna kiran Wudil da Kano kamar masu waƙa. Yaron mota ya miƙo hannu zai ɗora buhun a sama, Goggo ta ce ya bari, ƙafarta na ciwo, tana son abin da za ta ɗora ta a kai. Ta zaɓi kujerar jikin taga, ta sa ni daga ciki, buhu a ƙarƙashin sawunta. Hanya duk kore, manoma sun duƙufa a noman fari, wasu na ɗaga wa motar hannu. A gadar Wudil na ga ruwa mai faɗin da ban taɓa gani ba, masu soyayyen kifi suka yanyame tagogi. Na haɗiyi yawu. Goggo ta ce sai a dawowa, ba a buɗe lalita a hanyar zuwa.

Da muka sauka a tasha a Kano sai na ji kamar an kifa mini ƙwarya a ka ana kaɗawa. Hon, hayaƙi, masu talla, masu dako, kowa na sauri kowa na magana. Goggo ta ɗora buhun a kanta, ta kama hannuna. Muna cikin kutsawa sai wani mutum ya ɗaga murya daga tsakiyar taro.

"Jama'a a yi hattara da aljihu, akwai 'yan sane a wurin nan."

Na ga hannuwa sun motsa ko'ina. Wani dattijo ya dafa ƙirjinsa, wata mata ta matse hammata, wani ya shafa gefen wandonsa. Nawa hannun ma ya kama hanyar cinya, Goggo ta damƙe shi tun bai isa ba.

"Wannan mai gargaɗin shi ne babbansu," ta ce a kunnena. "Yaransa na gefe suna kallon inda kowa ya taɓa."

Ban san ko gaskiya ne game da mutumin ba, har yau ban sani ba. Amma na riƙe bakin hijabina.

Shiga bas ɗin cikin gari shi ne yaƙin. Da ta tsaya sai kowa ya yi kan ƙofa. Wani saurayi cikin farar shadda mai guga, yana ƙamshin turare, ya tare mana mutane da kafaɗarsa yana cewa, "A hankali, a bar Hajiya ta shiga." Har ya tallafa mata buhun. Goggo ta yi masa godiya ta sa masa albarka. Na ji daɗi a raina, na ce ashe akwai na kirki. Bai shigo motar ba. Da muka zauna, Goggo ta juyo mini gefen jakarta. An tsaga ta a miƙe kamar aikin tela, 'yar jakar tsummokin ta tafi.

Na yi ta kallon tsagar. Ni a zatona ɓarawo mai jajayen idanu ne da dauɗaɗɗiyar riga. Goggo kuwa fuskarta har wani haske ta yi.

"Allah ya shirye shi," ta ce. "Hannunsa da laushi, ko kaɗan ban ji ba. Jakar dai ya ɓata mini."

Ba mu yi nisa ba wayar Baba ta fara ƙara daga ƙarƙashin zanena. Motar a cike, gwiwa na gugar gwiwa. Mutane suka fara waige-waige. Na dubi Goggo, ita kuwa ta kafe ido a taga kamar ba ta taɓa sanina ba. Wayar ta yi ta yi har ta gaji, ta huta, ta sake. Wani mutum a bayanmu ya ce mai waya ya taimaka ya ɗauka. Ni ma sai na waiga tare da kowa ina neman mai wayar. Da muka sauka Goggo ta ce na fara hankali.

Baffa yana zaune a wani babban gidan haya, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ya tafi aiki, matarsa muka tarar. Mace ce mai fara'a da saurin hannu, ba ta iya ganin abu a ajiye. Ta rungume ni, ta yi wa Goggo sannu da hanya, ta kawo ruwa da fura. Goggo ta jingine buhun a bakin ƙofa ta ce ga 'yar tsaraba nan, amma ba ta ce komai game da abin da ke ciki ba, don a ƙa'idarta ba a faɗa wa kowa, ko da ɗan'uwa ne. Niyyarta in ta huta ta ciro mai zinarin a ɓoye. Ta zaga bayan gida, kafin ta fito an kira azahar. Muka yi alwala muka shiga ɗaki. Goggo kuwa in ta zauna lazimi ba ta sauri.

Da ta shafa addu'a ta fito ta jawo buhun. Ina tsaye a kanta. Na ga ya rage tsawo. Ta zazzage daddawar a faranti tana juya su ɗaya bayan ɗaya, tana duba gaba da baya. Ta gama ta sake farawa. A karo na biyun ma babu mai shaidar yatsa.

"Amarya," ta ce, haka take kiran matar Baffa ko da ta haifi 'ya'ya, "kin taɓa daddawar nan?"

"Na ɗan ɗibar wa maƙwabta, Yaya. Kullum sai sun tambaye ni yaushe za ki zo, sun ce babu irin taki a kasuwa."

Goggo ta ja ta cikin ɗaki ta faɗa mata da ƙaramar murya. Matar Baffa ta yi salati ta zauna a bakin gado, hannu a ka. Ni kuwa fuskar Inna kawai nake gani, lokacin da take miƙa ƙullin da hannu biyu.

A wurinmu babu abin kunya kamar ka ba da kyauta ka koma nema. Amma babu yadda za a yi. Matar Baffa ta yafa mayafi ta shige gaba, muka bi ɗakunan. Goggo ta hana a ambaci zinari. Abin da take cewa a kowace ƙofa shi ne akwai guda ɗaya da ba ta nuna ba, ta shiga cikin tsarabar bisa kuskure, tana tsoron kada ta ɓata wa mutane miya. Matar farko ta kawo nata a murfin kwano, Goggo ta jujjuya, babu mai shaidar yatsa. Ta gaba ta yi dariya ta ce ita duk sun yi mata, amma ta kawo. Babu. Haka muka zagaye gidan, mata na bin mu da kallo, yara na bin mu a baya.

"Saura Hajiya mai tuwo," in ji matar Baffa. "Ita na fi ɗibar wa, don ita kullum tukunyarta a kan wuta take."

Gidan yana tsallaken lungu. Dattijuwa ce da ke sayar da tuwo da miya da yamma, 'yan unguwa na aikowa da kwanuka. Muna shiga zaure muka ji ƙarar taɓarya a turmi. Goggo ta tsaya cik. Matar Baffa ta yi sallama aka amsa, muka shiga.

Hajiyar gajeriya ce mai jiki, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta jingine taɓaryar ta dube mu.

"Ku ne baƙin Gaya? Sannunku da zuwa. Ga tabarma."

Goggo ba ta zauna ba. Bayan gaisuwa ta fara karanta labarin daddawar da ba ta nuna ba. Hajiyar ta bar ta har ta kai ƙarshe, tana kallonta, ba ta katse ta ba.

"Wadda ba ta nuna ba kam na gan ta," ta ce.

Ta kwance haɓar zanenta, ta fito da ƙullin leda, baƙi ƙirin da daddawa, gefensa ya fashe, zinarin na leƙowa. Ta ce tana cikin daka ta ji taɓarya ta sauka a kan abu mai tauri. Ta ɗauka tsakuwa ce, har ta buɗe baki za ta yi wa mutanen ƙauye addu'ar da ba ta da kyau, sai ta ga leda. Ta nuna mayafinta a kan igiya, ta ce ta ciro shi ke nan za ta kawo, sai ta ga gara ta fara haɗa miyar kada wuta ta ci banza.

"Ɗayan ya lanƙwashe, taɓarya ta same shi. Wannan kuma ba da sanina ba ne." Ta sa ƙullin a tafin Goggo. "Amma baiwar Allah, da tun daga ƙofa kin ce mini zinari kike nema, da ba ki wahalar da bakinki ba."

Goggo ta zauna a ƙasa, ba ma a kan tabarmar ba. Ta buɗe ledar. Mai karyayyen maƙalin yana nan yadda yake, lafiyayyen ne ya lanƙwashe. Ta daɗe tana kallonsu. Can ta ɗago.

"Ki yafe ni, Hajiya. Na zo gidanki da ƙarya."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni ma da nawa ne, ban san me zan ce ba."

Goggo ta kai hannu ƙugu za ta kwance lalita, Hajiyar ta riƙe hannun. Ta ce in dai ana so a yi mata alheri, a riƙa kawo mata daddawa, amma marar tsakuwa. Sannan ta ce babu inda za mu sai mun ci abinci. Goggo ba ta cin abincin gidan da ba ta sani ba a Kano, tana cewa da haka ake kwantar da mutum a kwashe shi. Ranar ta wanke hannu ta ci tuwon masara da miyar kuka, har ta karɓi ƙari.

Suna ci suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Ashe ita ma Hajiyar an sha yanke ta. Ta ce an taɓa zare mata sarƙa daga wuya a wurin biki, ba ta ankara ba sai da ta ji iska a wuyanta. Tun daga nan abin da take ji da shi a ƙasan tukunyar toka take binne shi. Goggo ta jinjina kai, ta ce toka dabara ce, amma in aka sami mai share-share a gida fa? Hajiyar ta ce ai daddawa ma sai a sami mai kyauta a gida. Matar Baffa ta rufe fuska da mayafi. A nan na ji dariyar Goggo sosai, har tana share hawaye.

Da la'asar muka nufi wurin maƙerin zinari a kasuwar cikin gari. Wannan karon Goggo ta sake naɗe su a sabuwar leda ta jefa a kuncinta kamar goro. Tun daga lungun har rumfar maƙerin ba ta ce uffan ba, da ido da haɓa take nuna mini hanya. Ban taɓa tafiya da ita cikin shiru irin wannan ba. Maƙerin dattijo ne mai tabarau. Ya karɓa, ya kai kusa da ido, sai ya ɗan ja hanci.

"Hajiya, daga wace tukunyar aka tsamo waɗannan?"

"Kai dai gyara, Malam," in ji Goggo.

Ya ce mu je mu dawo, ta ce ƙafarta na ciwo, a nan za ta jira. Muka zauna a benci muna kallonsa yana aiki da 'yar wuta shuɗiya da ƙananan awartakai. Idon Goggo bai bar hannunsa ba ko sau ɗaya. Ya sa sabon maƙali, ya miƙar da lanƙwasasshen, ya wanke su har suka yi ƙyalli. Sai dai wata 'yar lotsawa ta rage a gefen wanda taɓarya ta samu, ya ce in ya matsa masa zai fashe.

A gidan Baffa muka kwana. Kashegari a gadar Wudil Goggo ta cika alkawari, ta sayi kifi, muka ci da yaji a takarda. Muna dab da Gaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abin da ya faru ni zan faɗa wa uwarki da bakina." Haka kuwa aka yi. Ta zauna a tsakar gida ta ba da labarin tun daga mai farar shadda har zuwa turmi, ba ta rage komai ba, har ƙaryar da ta yi a ƙofofin mutane. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Inna ta shafa lotsawar da yatsa, ta ce ba komai, kunnen hagu za ta riƙa sa shi, ɗankwali ya fi saukowa ta nan. Da su ta zauna ranar suna, tana karɓar barka.

Kada a ɗauka Goggo ta canja ra'ayi game da Kano. Har ta tsufa tana cika 'yar jakar baƙi da tsummoki, tana yi wa duk wanda zai raka ta huɗuba. Abin da ya ƙaru shi ne duk zuwa sai ta ware wa Hajiya mai tuwo nata kason daban, mafi kyau. A hankali ta koma sauka a can, har Baffa ya kawo ƙara wurin Baba cewa yayarsu ta mai da gidansa wurin gaisuwa. Da na sami shiga kwalejin horon malamai a Kano, a gidan Hajiyar nake cin tuwon Juma'a, in na tashi tafiya ta cika mini kwano.

Yanzu ina koyarwa a Gaya, zuwa Kano kuma ya zama abin safe a dawo da yamma. Abin da ake ɓoyewa ma ya canja, daga waya sai katin banki. Duk da haka ban taɓa shiga birni da fatari marar aljihu ba. 'Ya'yana mata suna yi mini dariya, su a hannu suke riƙe tasu wayar suna latsawa a tsakiyar kasuwa, ni kuwa ina bayansu ina kallon hannuwan mutane.

Goggo ta rasu a ɗakinta na Toranke bayan gajeriyar jinya, ana shirin shiga bazara. Ranar sadakar uku muna zaune da masu gaisuwa sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya mai tuwo ce, ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce Wudil ba sai ranar. Ta zauna kusa da Inna, suka yi addu'a, suka yi kuka kaɗan. Da rana ta yi sanyi ta ce in kai ta ta ga itatuwan da ake ta ba ta labari.

Na riƙe hannunta muka bi ta bayan gari a hankali. Gonar a share take ana jiran ruwa, ɗorawoyin kuwa sun yi fure, jajaye kamar ƙwallaye a rataye, ƙudan zuma na ta kewaya su. Ta tsaya a inuwar babbar, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Yanzu wa zai riƙa yi?" ta ce.

Na ce matar ɗan Goggo ta koya, tare suke yi tun da ƙarfinta ya fara raguwa.

"To ki faɗa mata, in ta rufe kalwar ta ga kamar ta nuna, kada ta buɗe, ta ƙara mata kwana. Kuma da ganyen gwanda ake rufewa, ba da leda ba. Haka marigayiya ta ce mini."

Na ce zan faɗa mata. Daga can muka jiyo mai a-daidaita yana danna hon, yana so ya kai ta Gaya kafin motocin Kano su ƙare. Ta gyara riƙon sandarta, muka juya.